Mai Guga da Ƙulli Huɗu

A shekarata ta biyu a jami'a a Madina na haɗu da tsohon da zan ba da labarinsa. Lokacin ban san mutane sosai ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin karatu. Ranar Alhamis nakan hau mota in tafi masallacin Ƙiblataini in yi la'asar, don can ba na cin karo da 'yan ajinmu balle a ja ni da hira.

Wata Alhamis na fito daga masallaci ban ga takalmina ba. Alhazai sun zo ziyara da yawa ranar, an tattake komai a bakin ƙofa. Na duba, na sake dubawa, ban san sa'ad da na ce, “Wayyo takalmina” ba.

“Wayyo?” in ji wani a bayana. “Wallahi rabona da in ji wayyo mai kyau irin wannan tun rasuwar tsohuwata.”

Na waiwaya na ga dogon tsoho baƙi, da farar jallabiya da jan mayafi a ka irin na mutanen ƙasar. Hausarsa ta sha Larabci, tana kuma da wani lanƙwashi na gabas da ban saba ji ba.

“Min fen kai? Daga ina? Kano?”

“Zariya, Baba.”

“Duk ɗaya ne. Taho, akwai silifa a sayyara, ga motar can.”

Silifan sun yi mini girma. Bai mayar da ni jami'a ba, sai ya wuce da ni unguwar Awali, zuwa wata ƙaramar gonar dabino mai katanga da suka haɗa hannu suka mallaka shi da abokansa biyu. Dukkansu 'yan ƙasa ne, 'ya'ya da jikokin mutanenmu da suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Ɗaya siriri ne mai saurin fushi, ɗaya kuma mai jiki ne, ba ya tashi daga kujerarsa sai salla. Na ci tuwo da miyar kuka a ranar, karo na farko tun barina gida. Daga nan kowace Alhamis can nake. Ina zama a gefen tabarma, su yi ta musu, ni ina sauraro.

In magariba ta yi, ni suke turawa gaba in ja salla, tunda ni ne ɗalibi. Ba na so, muryata ba ta fita, amma ban iya ƙi ba. Abin da na lura da shi tun farko shi ne Baba ya fi mu duka karatu. Sau ɗaya na tsallake aya, bayan an sallame ya ja ni gefe ya gyara mini a hankali. Duk da haka ban taɓa ganin ya shiga gaba ba. Ranar da na makara, wani ma'aikacin gona suka sa, mutumin da gajerun surori kaɗai ya sani, Baba yana bayansa a sahu.

Bayan kamar wata uku, wata rana ya ce in raka shi duba famfon ban ruwa. Da muka yi nisa da sauran, ya zauna a kan kututturen dabino ya ciro wata takarda daga aljihu, a naɗe cikin leda.

“Ka san me ya sa na zaɓe ka?” ya ce. “Wata uku kana zuwa nan, ban taɓa jin ka kawo labarin wani ba. Ko naka ma ba ka kawowa.”

Sai ya gaya mini. Mahaifiyarsa ta baro gida da mijinta na fari, suna tafiyar ƙasa zuwa hajji. A hanya suka yada zango a wani ƙauye na bakin iyaka. Mijin ya ce zai yi gaba ya nemi aiki da hanyar ƙetare teku, ya dawo ya ɗauke ta. Bai dawo ba, ba a kuma sake jin labarinsa ba. A wannan ƙauyen babu alƙali. A can aka raba ta da auren farko, ta auri wani mahajjaci, aka haifi Baba. Takardar da ke hannunsa ita ce shaidar raba auren, da ajami aka rubuta ta.

“Ina saurayi a nan Madina,” ya ce, “wata rana an taru a gidan suna, aka ce in ja salla. Har na taka gaba, sai wani ɗan baffana ya ce, a gaban kowa, ‘Ɗan auren bakin rijiya ne zai ja mu?’ Ya ce ba alƙali ya raba ba, saboda haka uwata matar wani ce har ta mutu. Na koma sahu. Yau ya fi shekara arba'in ban sake takawa ba.”

Na rasa inda zan sa idona, sai na zuba shi a kan takardar.

“Malaman ƙasar nan ba sa karanta ajaminmu. Malamanmu kuma duk sun san gidanmu. Kai baƙo ne, kuma bakinka a rufe yake. Ka duba mini a kutub ɗinku, littattafan nan da kuke karantawa. In halal ne ka faɗa mini. In ba haka ba ne ma ka faɗa mini. Bas, kada ka yi mini mujamala, ka ɓoye gaskiya don ka faranta mini.”

Bai yarda takardar ta bar hannunsa ba, don haka na kwafe ta a littafina harafi bayan harafi. Ta tsufa, ruwa ya taɓa gefenta. Bayan bisimilla da sunayen matar da mijin, abin da ya rage a fili layi ɗaya ne: mai guga ya kwance mata igiya bayan ƙulli huɗu. A ƙasa akwai wasu baƙaƙen tabo. Na ƙirga su, na rubuta a gefe: tabo tara, wataƙila na ruwa.

Cikin kwana biyu na samo mas'alar a littattafan Malikiyya. Matar da mijinta ya ɓata tana kai ƙara wurin alƙali. In babu alƙali, ta kai wurin mai mulkin wurin. In shi ma babu, jama'ar Musulmi na gari, mutanen kirki daga cikinsu, su ne ke tsayawa a matsayinsa. Za a yi cigiya, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Na yi murna, na buɗe littafina don in gwada da takardar. Nan murnar ta tsaya. Takardar ba ta ambaci jama'a ba, ba ta ambaci shekaru ba. Mutum ɗaya ta ambata, mai guga, wanda a garinmu shi ne mai jan ruwa a rijiya ana biyansa. Ga kuma ƙulli. A zangon karatun da ya wuce an karantar da mu babin sihiri, da yadda masu yinsa ke ƙulla zare su yi tofi. Na haɗa biyun, na yanke a raina cewa wani mai jan ruwa ne da ke taɓa bokanci ya ƙulla wa baiwar Allah igiya sau huɗu, ya ce mata ta fita daga aure.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in koma in tambayi Baba ma'anar kalmomin. Ban yi ba. Na ji nauyin in sa tsoho ya sake buɗe zancen uwarsa, na kuma ɗauka ai Hausa ce, na san Hausa. Na ci gaba da juya littattafai ina neman wata kafa, ban kai ga komai ba, domin tambayar da nake nema wa amsa tun asali ba daidai take ba. Alhamis uku ban je Awali ba. In ya kira waya sai in ce jarrabawa.

Alhamis ta huɗu na je unguwar Aziziyya ɗaure wasu takardu da na buga. Ina fitowa daga shagon na ga motarsa a gefen titi. Ashe na taɓa faɗa masa inda nake kai aikina, bai manta ba.

“Shiga,” ya ce. “Ban tambaye ka komai ba. An sauke ɗanyen dabino, ci kawai za ka yi.”

Har muka isa idonsa na kan titi. Na san ya karanta amsar a fuskata, na kuma san amsar da ya karanta.

Mun tarar abokansa biyu suna rigima. Ruwan famfo ya yi rauni, kowa yana so a fara shayar da layin bishiyoyinsa. Siririn yana ta ɗaga murya da Larabci, yana rantsuwa. Can sai ya juya ya ce da Hausa, “To wane ne mai guga wannan watan?”

“Ni ne,” in ji mai jikin daga kujerarsa.

“To yanke mana!”

“Ka taɓa ganin mai guga ya yanke shi kaɗai? Ku zauna, kowa ya faɗi nasa.”

Na dubi mutumin nan. A iya sanina bai taɓa jan ko kofin ruwa ba, gonar kuma babu rijiyar guga a cikinta, inji ne. Na ji muryata ta fita ba tare da na shirya ba.

“Baba, mene ne mai guga?”

Abokan nan biyu suka fashe da dariya.

“La ilaha illallahu, bebe ya yi magana!” in ji siririn.

“Kuma ka ga tambayar da ya zaɓa,” in ji mai jikin. “Halas, shi ke nan, yau mun shiga uku. Ya waladi, ɗana, shekara guda muka yi muna hana shi labarin jamhuriyarsa, mun haddace. Ka buɗe masa ƙofa.”

Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya gyara zama ya fara, kamar yadda mahaifiyarsa ta ba shi.

Ƙauyen da aka haife shi rijiya ɗaya gare shi, mai zurfi, ba ta ƙafewa. Lokacin da Turawa ke shirin tafiya, ƙasashe biyu da ke maƙwabtaka suka ce rijiyar tasu ce. Ta gabas ta kafa dutsen iyaka a yammacin ƙauyen, ta yamma ta kafa nata a gabashinsa. Don kada a yi yaƙi, suka yi alkawari babu wanda zai shiga tsakanin duwatsun nan biyu har sai an daidaita. Sai ga gari ba ɗan sanda, ba mai karɓar haraji, ba alƙali. Mutanen ciki kuma kashi uku ne: manoma 'yan asalin wurin, Larabawa makiyaya, da mahajjata Hausawa da hanya ta tsayar.

Da rani ya yi tsanani aka fara faɗa a bakin rijiya, har aka fasa wa wani kai. Dattawa suka taru bayan sallar Juma'a suka yi shawara. Kowane kashi ya ba da mutum uku, suka zama tara, har da liman. Babban gugan rijiyar kuma aka ce zai riƙa kwana a gidan ɗaya daga cikinsu wata guda, in wata ya tsaya ya koma hannun wani kashi. Wanda guga ke gidansa shi ke buɗe rijiya da safe, shi ke tsara wa zai fara sha, shi ke kiran taro in an yi saɓani, da bakinsa ake faɗin hukunci. Amma ba ya yankewa sai taran sun zauna, kuma gidansa ne ƙarshen ɗiban ruwa duk watan.

“Shi ya sa ba a yi ta kokawar neman kujerar ba,” in ji mai jikin. “Wa ke son matarsa ta riƙa dawowa da tulu da azahar?”

Sunan jamhuriya wani tela ne ya kawo shi, shi kaɗai ke da rediyo a garin. Ya ji ana ta cewa ƙasa kaza ta zama jamhuriya, ya tambayi ma'anarta, aka ce ƙasar da ba sarki, mutane ke zaɓen mai riƙe ta na ɗan lokaci. Ya ce, ashe mun riga su. Sunan ya bi gari, rabi wasa rabi gaske. Sun hukunta ɓarawon akuya, sun raba gado, sun hana makiyaya shiga gona kafin girbi. Damina bakwai aka yi haka. Ranar da ƙasashen suka daidaita, sojoji suka zo a babbar mota, babbansu ya ce a nuna masa shugaban gari. Aka nuna masa wani mutum tsaye a bakin rijiya, ƙafa duk laka, yana jiran layi ya ƙare ya ɗiba. Sojan ya yi dariya har ya dafa mota. Daga ranar jamhuriya ta ƙare, mahajjata suka ɗaure kaya suka yi gabas, Baba yana goye a bayan uwarsa.

“Hukumar wasa,” ya ce a ƙarshe, yana kallon ƙasa. “Haka ɗan baffana ya kira ta.”

Da aka koma rigimar ruwa, na bi shi cikin bishiyoyi. Na buɗe littafina.

“Baba, ƙulli huɗu fa?”

“Shekara mana. Tunda mai guga yana canzawa kowane wata, duk maganar da ke buƙatar dogon jira sai a rataye mata igiya a masallaci. In shekara ta zagayo, a ƙulla sau ɗaya a gaban taran. Tsohuwata ta ce takan leƙa ta taga ta kalli tata.”

“An yi cigiyar mijin?”

“Duk ayarin da zai yi gabas sai an ba shi wasiƙa. Har bakin teku aka kai. Kafin a rataye igiyar ma an yi, bayan an rataye ma ba a daina ba.”

“Bayan ƙulli na huɗu ta yi takaba?”

“Wata huɗu da kwana goma. Matar liman ce ta riƙa kai mata abinci.”

“Tabon nan tara da ke ƙasan takardar…”

“Wane tabo? Yatsun mutane ne, ya ustaz! Sun tsoma a tawada sun danna.” Ya tsaya ya kalle ni. “Kai me ka ɗauka?”

Na gaya masa gaskiya, har da bokan da na ƙirƙira. Na zaci zai yi fushi. Sai ya riƙe bishiya yana dariya, hawaye na zuba, ban san na dariyar ba ne ko na wani abu.

“Mai guga na wancan watan mahaddacin Alƙur'ani ne,” ya ce. “Allah ya jiƙansa, yau ya zama boka a Madina.”

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce ni ɗalibi ne, ya ba ni mako ɗaya. Na kai mas'alar wurin wani malaminmu ɗan Najeriya da ke koyar da fiƙihu, ban faɗi mai ita ba, shi ma bai tambaya ba. Ya yi mini tambayoyi sun fi goma, kowacce na buɗe shafi na karanta masa amsarta. Da na gama ya cire tabarau ya ajiye.

“Abin da muke karantar da ku ke nan,” ya ce. “Mu a takarda muka san shi, su sun yi shi da igiya. Inda babu alƙali, jama'a ce alƙali. Auren nan ingantacce ne. Ka kuma gaya wa mai tambayar, ko da a ce sun yi kuskure a wani wuri, mutanen da suka yi aure suna ganin halal ne, ɗansu ɗansu ne, babu abin da ya hau kansa. Wanda ya gaya masa akasin haka ya zalunce shi.”

Alhamis na isa Awali da wuri. Na same shi shi kaɗai yana tsince busassun ganye. Na karanta masa abin da na rubuta, a hankali, da Hausa, sannan na nuna masa wuraren a littattafai da Larabci don ya gani da idonsa. Ya bi layukan da yatsa. Ya sa na maimaita maganar malamin sau biyu. Ya miƙe ya ce bari ya duba famfo, ya tafi can ƙarshen gona, ya daɗe, alhali injin a kashe yake.

Da magariba aka shimfiɗa tabarma, aka tayar da iƙama. Siririn ya tura ni da gwiwar hannu kamar kullum.

“Yalla, ya shehi, shiga gaba.”

Ban motsa ba. “Yau ba ni ba,” na ce.

“In ba kai ba wa?”

Na tsaya a sahu na daidaita ƙafata da ta kusa da ni. Sai Baba ya gyara mayafinsa, ya taka sau biyu zuwa gaba. Kabbarar farko da ƙyar ta fito. A tsakiyar Fatiha muryar ta tsaya da ƙafarta, mai kauri, mai daɗi, da wani irin jan karatu na mutanen gabas da ban taɓa ji ba a masallatan birnin.

Aka sallame. Mai jikin ne ya fara magana.

“Haram alaik. Shekara nawa kana ɓoye mana wannan murya, ka bar mu da ta ɗan Zariya kamar kukan sauro?”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Baba ya juyo ya kama hannuna ya riƙe, bai saki ba har aka gama addu'a.

Na san a labarin nan kamar ni ne na yi masa wani abu. Ni ba haka nake ganinsa ba. Na kusa ƙara wa mutumin kirki nauyin da ya ɗauka shekara arba'in, saboda na ji kunyar tambaya ɗaya, shi kuma ya zo har Aziziyya ya ɗauke ni ya ba ni dabino, yana zaton mummunar amsa nake ɓoye masa. Babin da na haddace don jarrabawa, a gonarsa na gane cewa mutane ne a ciki, da mace mai leƙen igiya ta taga. Tun daga lokacin, kowane shafi na littafina ina ja masa layi a gefe, in bar fili don kalmomin da nake zaton na sani.

Da sabon wata ya tsaya, tsofaffin nan uku suka ce gugan ya zo kaina. Na ce ba ni da ko bishiya ɗaya a gonar. Siririn ya ce shi ya sa na dace. Wata guda ni ke kiran su su zauna in rigima ta tashi, ni ke faɗin abin da aka yanke da muryar da dole kowa ya ji. In an dafa shayi kuma, nawa ne kofin ƙarshe. Baba da kansa yake zuba mini, yakan kuma rage mini mai zafi a gindin buta.